KADA A YI WA FALASƊINAWA ƘARYA A KAN ALLURA



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata magana ce da na ji da kunnena ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a rumfar masu goro. Ana cikin hirar malaman asibiti da suka shigo unguwa suna ɗiga wa yara maganin shan-inna, sai wani dattijo, wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda girmansa, ya ce shi ya riga ya gaya wa iyalinsa, kowa ya hangi masu akwatin magani ya kulle ƙofa. Aka tambaye shi dalili. Ya ce, "Ku je ku tambayi Falasɗinawa. Su da ke zaune da maƙiyi ƙofa da ƙofa sun san abin da ke cikin kwalbar nan. Lokacin korona an kai musu allura har gida, suka mayar wa masu ita. Mu mun fi su sani ne?"

Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa na yi shiru, domin ba a katse babba a cikin taro. Amma da na koma gida abin ya hana ni barci, don na san cikin gidan dattijon nan akwai jikoki waɗanda ko yaye su ba a yi ba.

Wannan magana ba daga bakinsa ta fara ba, ta daɗe tana yawo cikin wayoyin hannu, daga wannan zango zuwa wancan. Abin da ya sa ta ke da haɗari kuwa, akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Ƙarya zalla ba ta cin kasuwa, sai an barbaɗa mata gaskiya a bisa, kamar yadda mai algus ya kan jera manyan goro a bakin kwando. To, ni yau zan zazzage kwandon a gabanku, kowa ya ga abin da ke ƙasa. Abin da zan nuna muku shi ne, babban kukan Falasɗinawa a zamanin korona shi ne an hana su allura. Waɗanda suka yi shakka a cikinsu kuma, hannun da ke miƙa kwalbar suka fi yi wa shakka. Wanda ya ɗauki sunansu ya kulle wa 'ya'yansa ƙofa da shi, ya yi musu ƙarya, ya kuma cuci gidansa.

YADDA ANNOBA TA SAME SU

Ran 5 ga watan Maris 2020 aka fara samun masu ciwon a garin Baitalami, a wani masaukin baƙi inda waɗansu masu ziyara daga ƙasar Girka suka sauka. Nan da nan Shugaba Mahmud Abbas ya sa dokar ta-ɓaci. Ran 23 ga watan kuma Majalisar Waƙafi, watau malamai da dattawan da ke riƙon Masallacin Aƙsa, ta rufe masallacin, ba a buɗe shi ba sai ran 31 ga Mayu. Azumin wannan shekara duka, har da Ƙaramar Salla, a gida mutanen Ƙudus suka yi.

Ku duba fa ku gani. Mutanen nan su ne cikin watan Yuli 2017, da Gwamnatin Isra'ila ta kafa ƙarafan bincike a ƙofofin masallacin, suka ƙi shiga ta cikinsu, suka yi kusan mako biyu suna salla a kan titi, har aka cire. Mutanen da ba su ji tsoron bindiga ba, su ne da malamansu suka ce musu annoba ta zo ku zauna gida, suka zauna. Da ba su yarda akwai ciwon ba, wane ne ya isa ya hana su Aƙsa cikin watan Ramalana?

Ciwon bai tsaya nan ba. Cikin Agusta 2020 ya ɓulla a sansanin 'yan gudun hijira na Magazi a Gaza, ƙasar da tsawonta mil 25 ne, faɗinta bai kai mil 8 ba, ga mutum wajen miliyan 2 a cushe ciki. Cikin Nuwamba ya ɗauke Sa'ib Ariƙat, babban mai magana da yawunsu wajen shawarwarin sulhu. Kafin annoba ta lafa, ta kashe musu mutum fiye da 5,000.

WA AKA BA, WA AKA HANA

Ran 19 ga Disamba 2020 Firayim Ministan Isra'ila na lokacin, Natanyahu, ya miƙa damtsensa aka yi masa allura a gaban jama'a. Kafin ƙarshen Fabrairu 2021, wajen rabin mutanen ƙasar sun sami allurar farko, har duniya tana ta yaba musu. An yi wa Larabawan da ke cikin Isra'ila, an yi wa na Ƙudus ta gabas, an yi wa Yahudawan da suka kafa unguwanni a Gaɓar Yamma ta Kogin Urdun. Amma Falasɗinawan Gaɓar Yamma da na Gaza, mutum wajen miliyan 5, ba su cikin lissafi. Sai ka ga tudu biyu suna kallon juna, tsohon da ke kan wannan an yi masa allura biyu, na kan wancan ko ɗaya bai gani ba.

Da aka yi magana, Gwamnatin Isra'ila ta ce ai tun yarjejeniyar Oslo ta 1995 sha'anin lafiya ya koma hannun Hukumar Falasɗinawa. Masanan shari'a na Majalisar Ɗinkin Duniya da jam'iyyun kare haƙƙin jama'a, har da na cikin Isra'ila kanta, suka ce sashe na 56 na yarjejeniyar Janiba ta huɗu, ta 1949, ya ɗora wa wanda ya mamaye ƙasa nauyin yaƙi da annoba a cikinta. Ana wannan ja-in-ja ana kai gawa maƙabarta.

Allurar farko da ta shiga hannun Hukumar Falasɗinawa daga Isra'ila, a farkon Fabrairu, guda 2,000 ce. Rasha ta aiko da 10,000. Aka ɗebi 2,000 cikin ta Rasha za a kai Gaza, aka tsare motar a kan iyaka, sai ran 17 ga Fabrairu aka bar ta ta wuce. Tun da ya ke kowane mutum sau biyu a ke yi masa, wannan ta mutum 1,000 ce, a ƙasa mai mutum miliyan 2. Ko mu nan Gana mun riga su. Ran 24 ga Fabrairu jirgi ya sauka a Ankara, babban birninmu, da allura 600,000 ta asusun COVAX, mu ne farko a duniya. Su kuwa nasu rabon na wannan asusu, wajen 60,000, sai ran 17 ga Maris ya iso.

Har wa yau cikin Maris ɗin Isra'ila ta buɗe wuraren allura a ƙofofin iyaka, don leburori masu takardar shiga aikin gini da gonaki. Kowa ya gane cewa waɗanda za su shiga cikinta kaɗai ta zaɓa. Amma duk da haka, cikin 'yan makonni mutum fiye da 100,000 suka bi layi aka yi musu. To, ina tambayar mai rumfa, mutanen da suka ƙi abu, su kan yi masa layi tun asuba?

TO, BABU WAƊANDA SUKA ƘI?

Akwai, da yawa ma, ba kuwa zan ɓoye ba, don ban zo in maye gurbin ƙarya da wata ƙarya ba. Waɗansu likitoci na Jami'ar Najah da ke Nabulus sun tambayi ma'aikatan asibiti fiye da 1,000 a ƙarshen 2020 da farkon 2021. Kashi 38 cikin 100 ne kawai suka ce za su karɓa, sauran suka rabu biyu, masu jira su gani da masu cewa a'a. Cikin Maris 2021 ofishin jin ra'ayin jama'a na Halil Shiƙaƙi da ke Ramalla ya yi tasa tambayar, ya sami wajen mutum 4 cikin 10 ba su so. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, sai a tambayi abin da ya kawo haka.

Na fari, hannun mai mamaya. Duk kwalbar da za ta shiga Gaɓar Yamma, sai ta bi ta tashar jirgi ko ta iyakar da Isra'ila ke riƙe da ita. Mutumin da aka rushe wa gida, aka sare masa zaitun, aka tsare matarsa a shingen soja tana naƙuda, in an ce masa ga magani ya biyo ta hannun mutanen nan, kada ka yi mamaki in ya tsaya yana juya kwalbar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Jita-jitar da ta fi cin su kuwa ita ce wadda mu ma ta ci mu, wai allurar tana hana haihuwa. Mutanen da suka san kullum ana ƙidaya yawansu ana fargaba, irin wannan magana ba ta shan wuya wajen shiga zuciyarsu.

Na biyu, manyansu. Wannan ita ce maganar da masu wa'azin waya ba su son faɗi, domin ba ta da daɗin ji. A farkon Maris 2021, bayan mutanen gari sun yi ta matsa lamba, Ma'aikatar Lafiya ta Ramalla ta fito ta amsa da bakinta cewa cikin allura 12,000 na farko, kashi ɗaya cikin goma an ba ministoci, da dogaran Shugaba, da dattawan jam'iyya, da 'yan ƙwallon ƙasa, an kuma aika da 200 fadar Sarkin Urdun. Alhali kuwa ga tsofaffi masu ciwon sukari da masu wankin ƙoda suna jira. Talaka ya ga abin da aka ce babu, ashe akwai, amma na masu uwa a gindin murhu ne. Daga ran nan, in Hukuma ta ce fari, sai ya duba ko baƙi ne. Ku lura kuma da abin da ke cikin wannan abin kunya. Da allurar guba ce, da ministoci ba su yi rige-rigen kai ta gidajensu ba. Ɓarawo ba ya satar abin da zai kashe shi.

Na uku, wahala ta yi yawa har ta danne tsoron ciwo. Cikin Mayu 2021 aka yi kwana 11 ana ruwan bama-bamai a Gaza. Aka lalata asibitin Rimal inda babban ɗakin gwajin korona ya ke. Aka kashe Likita Aiman Abul Auf, wanda ke kula da masu korona a asibitin Shifa, yana cikin gidansa. Mutumin da bai san ko rufin ɗakinsa zai kai gobe ba, ba ka iya tsorata shi da tari. Ga shi kuma kusan rabin mutanen Gaza yara ne da ba su kai shekara 18 ba, samari suna ganin ciwon na tsofaffi ne. Daɗin daɗawa, cikin Maris ɗin nan waɗansu ƙasashen Turai suka dakatar da allurar AstraZeneca na 'yan kwanaki saboda daskarewar jini da aka gani ga mutane ƙalilan, labarin ya shiga Facebook da WhatsApp, kowa ya ƙara masa gishiri.

Ku auna waɗannan dalilai uku. Akwai zalunci, akwai cin amana, akwai gajiya da jita-jita. Amma ba a taɓa jin wani likitansu ya buɗe kwalba ya sami guba ba.

KAYAN DA AKA MAYAR

Yanzu sai mu zo kan babbar hujjar dattijonmu, cewa an kai musu suka mayar. Gaskiya ne an mayar, ga kuwa yadda aka yi. Ran 18 ga Yuni 2021 aka sanar cewa Isra'ila za ta ba Hukumar Falasɗinawa allurar Pfizer fiye da miliyan 1. Ba kyauta ba ce, rance ne. In tasu da suka saya ta iso daga baya, sai su biya da sabuwa. Da kashin farko ya iso, guda 90,000, ma'aikatan Ministar Lafiya, Mai al-Kaila, suka duba takardar jikin kwalabe, suka ga kwanakin da suka rage kafin wa'adinta ya ƙare ba su da yawa. Gari ya ɗauki zafi, Firayim Minista Muhammadu Ishtayya ya ce a warware cinikin, a mayar. Isra'ila ta ce ai sun san kwanakin tun farko, kuma maganin lafiyarsa lau. Cikin Yuli ta yi irin wannan musaya da Koriya ta Kudu, guda 700,000, aka kuwa yi wa mutane ita can.

Ku fatake, ku ne alƙalan wannan shari'a. A ce wani ya zo maka da kwandunan goro ya ce, karɓi wannan yanzu, in naka sabo ya iso daga daji ka biya ni da shi. Ka kwance ganye, ka ga goron ya fara laushi, in ba ka sayar cikin mako biyu ba sankara za ta cinye, ga shi ba ka da motocin da za su kai shi kasuwanni cikin mako biyun. Ka ce a'a, ɗauki kayanka, zan jira nawa. Shin wanda ya ce ka daina cin goro, ko ka ce goro haram ne, ya faɗi gaskiya? Ana iya gardama a kan ko Hukumar ta yi daidai da ta mayar, tun da ya ke akwai rayukan da wataƙila da an tsirar cikin makonnin nan. Amma abin da suka jira, ita ce dai allurar Pfizer ɗin, sabuwa, wadda suka saya da kuɗinsu. Mu ma Afirka mun san ɗacin irin wannan kyauta, domin cikin Disamba 2021 Gwamnatin Nijeriya ta kwashi allura fiye da miliyan 1 da aka ba ta kusa da ƙarshen wa'adi, ta lalata su a juji a Abuja.

Bayan haka magani ya wadata, daga Sin, da Daular Larabawa, da Amurka, da wanda aka saya. Sai ga shi wahalar ta juya, akwai allura, masu zuwa sun yi kaɗan. Cikin Agusta 2021 Hukumar Ramalla ta ce ma'aikacin Gwamnati da bai yi ba ya zauna gida ba albashi. Masu mulkin Gaza kuma suka sa ƙuri'a, dattijon da ya yi allura yana iya cin dala 200. Layi ya cika, masu cewa a'a suka ragu ƙwarai kafin shekara ta ƙare, har wajen mutum miliyan 2 suka karɓa. Amma bai kai rabin jama'a ba. Wannan kuwa darasi ne ga kowace hukuma, tamu da tasu. Tilas da kwaɗayi su kan cika littafin rajista, amma amanar da aka zubar cikin Maris ba ta kwasuwa cikin Agusta.

SHAIDAR IYAYEN GAZA

In har yanzu akwai mai shakka a kan abin da Bafalasɗine ya ɗauki rigakafi, to ga shaidar da ba ta da amsa, kuma a kan shan-inna ɗin nan ne da dattijonmu ya kulle wa ƙofa.

Kafin yaƙin da ya fara cikin Oktoba 2023, yaran Gaza 99 cikin 100 suna samun rigakafin shan-inna, abin da ƙasashe masu arziki da yawa ba su kai ba. Shekara 25 ba a ga ciwon a ƙasar ba. Da yaƙi ya rushe asibitoci, ruwan masai ya cika tituna, aka daina samun magani, sai ciwon ya dawo. Cikin Agusta 2024 aka tabbatar ya shanye ƙafar wani jariri ɗan wata 10 a Dairul Balah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta roƙa aka yarda a riƙa tsagaita wuta na 'yan sa'o'i kowace rana, daga safe zuwa bayan azahar. Daga ran 1 ga Satumba, cikin kwana 12, aka ɗiga wa yara wajen 560,000. Aka sake zagayawa cikin Oktoba da Nuwamba. Cikin Fabrairu 2025 aka yi wa wajen 600,000.

Wa ya kawo yaran nan? Iyayensu ne suka fito da su daga tantuna, a ƙasa, a kan amalanken jaki, cikin yunwa, ba wanda ya yi musu alkawarin dala, ba wanda ya ce zai tsare musu albashi. Uwar da ta binne ɗa ɗaya ta goyo na biyu ta kawo shi ya buɗe baki a ɗiga masa. Mu kuwa nan, muna zaune lafiya, malamar asibiti ta tako har ƙofar ɗaki da maganin a cikin ƙanƙara, mu kulle, mu ce wai koyi mu ke yi da Falasɗinawa! Haba jama'a, ina kunya?

ƘASAR DA AKA YI ANNOBAR AMWAS

Waɗansu kuma su kan koma su ce, to ai rai da ajali na Allah ne. Haka ne, ba Musulmin da ke musun wannan. Amma abin mamaki, a kan annobar ƙasar Falasɗinu ɗin nan aka warware wannan mas'ala tun zamanin Sahabbai. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira annoba ta tashi daga wani gari, Amwas, tsakanin Ƙudus da Ramla. Sayyadina Umaru, Allah ya yarda da shi, yana kan hanyar Sham, ya kai wani wuri da a ke kira Sarga, aka tarye shi da labari. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara za a yi. Umaru ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddara ta ke, ya buga masa misali da makiyayi mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kai su da ƙaddarar Allah ya kai, amma mai hankali ya san inda zai kai. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da abin da ya ji daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga garin annoba da hana fita daga cikinsa.

Wannan annoba ta ɗauke Abu Ubaida, da Mu'azu ɗan Jabal, da dubban Musulmi. Da shugabanci ya zo hannun Amru ɗan As, ya ce jama'a su watsu cikin duwatsu, kada su cushe wuri ɗaya, Allah kuwa ya ɗauke ta. Garin Amwas ya zauna har 1967, lokacin da sojan Isra'ila suka rushe shi. To, malaman da suka rufe Aƙsa cikin 2020, sawun Umaru da Amru suka bi. Wane ne cikinmu zai ce ya fi Umaru tawakkali?

MU FA?

Ban ce shakkarmu ba ta da tushe ba. Mun san abin da ya faru a Kano cikin 1996, da kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani ana cikin annobar sanƙarau, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na gaske ne. Amma mun san kuma abin da ya biyo bayan 2003, da Kano ta tsai da rigakafin shan-inna har tsakiyar 2004. Ciwon ya bi hanyar fatake da ta alhazai, ya shigo nan Gana, ya shiga Sudan, ya kai Yaman, ya kai har Indunusiya, duk 'ya'yan Musulmi ya yi ta shanyewa. Waɗanda aka yi fushi da su ba ko ɗaya da ya gurgunce.

Masu cewa allurar korona makircin wata al'umma guda ce, su gaya mana wace ce. Ta Pfizer, wani likita da matarsa ne 'yan asalin Turkiyya, Ugur Shahin da Ozlam Turaji, suka ƙago ta a Jamus. Wata daga Rasha ta fito, wata daga Sin, wadda aka kawo mana nan kuma a Indiya aka yi ta. Mutanen Isra'ila kuwa suna cikin waɗanda suka fara tura wa kansu ita. Babban Limamin ƙasarmu, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana da shekara fiye da 100 ya miƙa damtsensa cikin Maris 2021. Wanda ya sami kujerar Makka cikin 2022, mun ga ya yi ta ba gardama, kamar yadda kullum a ke yin ta shawara da ta sanƙarau a karɓi kati. Kakanninmu ma sun gudu daji saboda masu lamba, ga shi yau yaro bai san zanen agana ba, tun 1980 aka ce ta ƙare a duniya.

Saboda haka ga roƙona. Limamanmu da malaman makarantun allo, in za ku ambaci Falasɗinu a kan mumbari, ku ambace ta da gaskiya, ku gaya wa mutane abin da iyayen Gaza suka yi cikin Satumba 2024. Sarkin Zango da shugabannin Jam'iyya, in za a shigo unguwa da magani, a sanar tun da wuri, a haɗa ma'aikata da 'ya'yanmu masu jin Hausa, manya kuma su fara kawo nasu jikokin a gaban kowa, kada su ɓuya, kada kuma su sha gaban talaka in abu ya yi ƙaranci. Iyaye mata, kuna da iko ku ce a nuna muku kwalba, ku tambayi sunan magani, ku duba wa'adinsa kamar yadda ma'aikatan Ramalla suka duba. Wannan shi ne koyi da Falasɗinawa na gaskiya. Samari masu waya kuma, duk saƙon da bai zo da sunan mai magana da ranar da abu ya faru ba, ku bar shi ya mutu a hannunku.

Kai kuma Baba, mai rumfa, ka gafarce ni in na yi maka tsaurin ido, ƙaunar jikokinka ce ta sa. Na san son da ka ke yi wa mutanen Ƙudus na gaskiya ne, na ga hawayenka a wajen alƙunutu. Amma rigakafi ya fi magani, shan-inna kuwa in ta shanye ƙafa ba ta da magani sam. In ma'aikatan nan sun sake zagayowa, ka buɗe musu ƙofa.

Allah ya yaye wa mutanen Falasɗinu abin da ya dame su, ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya tsare zangonmu daga annoba da sharrin jita-jita, ya sa mu gane gaskiya mu bi ta, amin.

Haza wasalam.

Naku, wani ɗan Jam'iyya daga kasuwar goro.